Jaridun Kyauta A Birnin Landan: Wa Ke Biyan Kuɗin?

Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. To, ni dai na zauna a garin da a ke buga jarida sukutum, da hotuna masu launi, a bi mutum da ita har bakin tasha ana roƙonsa ya karɓa, ba a kuwa neman ko anini a hannunsa. Garin nan shi ne Landan, lokacin kuwa daga 2006 zuwa 2009, sa'ad da na ke karatu a can, watau daidai shekarun da jaridun kyauta suka yi kokawarsu. Abin da na gani na ke so in gutsura muku, domin akwai abin lura a ciki ga duk mai sha'awar aikin jarida.

Dabarar ta fara ƙarfi ne a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1995, inda aka fito da wata jarida mai suna Metro don masu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da kamfanin Associated Newspapers, mai jaridar Daily Mail, ya hango mutanen nan za su iya shigowa Landan, sai ya riga su, ya fito da tasa a 1999, ita ma ya sa mata Metro. Ita ce ta safe. Ba mai miƙa maka ita, a jibge ta ke cikin akwatuna a tashoshin jirgi, kowa ya ɗauka ya wuce. Labaranta gajeru ne, ba ta goyon bayan wata jam'iyya, an kuma auna ta yadda kafin mutum ya sauka a tasharsa ya gama da ita.

Rigimar da yamma ta tashi. Kamfanin News International na Rupert Murdoch ya shirya fito da tasa mai suna thelondonpaper ran 4 ga Satumba, 2006. Associated kuwa a lokacin su ke da Evening Standard, tsohuwar jaridar yamma wadda a ke saye da kuɗi, saboda haka suka ga an zo ci musu kasuwa. Nan da nan suka haɗa London Lite, suka sake ta ran 30 ga Agusta, kwana biyar kafin ta abokin hamayya. Daga nan fa duk yamma sai ka tarar da masu rabo sun yi cirko-cirko a bakin kowace babbar tasha, wannan na tura maka tasa, wancan na tura maka tasa. Da yawansu baƙi ne irinmu, masu neman na abinci, ga sanyi ga ruwan sama. Ni kam duka biyun na kan karɓa, don ba na iya kallon idon ɗaya in ƙi ɗaya.

Da ya ke kullum suna hannuna, ban daɗe ba na gane halin kowace. London Lite ɗumame ce. Galibin abin da ke cikinta an tsamo shi ne daga tukunyar Standard, aka rage masa tsawo, aka ƙara hotunan 'yan wasa da mawaƙa, har ma tana alfaharin wai tawadarta ba ta ɓata hannu. Ita kuwa thelondonpaper girkinta ta ke yi da kanta, ta fi tsari da kyan gani, samari da 'yan mata kuma ta sa a gaba. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne filin da ta ware wa masu karatu, kowa ya rubuto ra'ayinsa a buga, sa'an nan jama'a su yi zaɓe ko ya ƙara ko ya gundure su. Amma in ana maganar labari mai nauyi, irin wanda ɗan jarida zai yi makonni yana tono, to, duk kanwar ja ce. Ran da na ke son sanin abin da duniya ke ciki, sai na ciro rabin fam na sayi Standard.

To, wa ke biyan kuɗin takarda da tawada da ma'aikata? Masu talla. Abin da su ke saye kuwa shi ne idon fasinja, musamman matashi mai albashi wanda ke zaune minti ishirin ba abin yi, ga shi a lokacin waya ba ta kamawa a ƙarƙashin ƙasa. Ashe mu da muka ɗauka kyauta a ke ba mu, mu ne hajar da a ke kai wa kasuwa. Shi ya sa yawan kwafi ya zama abin faɗa: thelondonpaper na raba wajen 500,000 a rana, London Lite wajen 400,000. A 2007 har Associated suka fito da hoton bidiyo da ke nuna masu rabon abokin hamayya suna zubar da damman jaridu a shara, ɗaya ɓangaren ma ya rama da irin wannan zargi. Titi da kujerun jirgi kuwa suka cika da takardu, har hukumar gundumar Westminster ta matsa wa kamfanonin biyu su sa hannu a aikin kwashewa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, talla ta ja baya. Dama thelondonpaper ta yi asarar kusan fam miliyan 13 a shekara guda, sai aka rufe ta a Satumba 2009. A Oktoba sai ga abin mamaki: Standard, wadda wani attajirin Rasha, Alexander Lebedev, ya sayi mafi yawanta a kan fam ɗaya tak a farkon shekarar, ita ma ta koma kyauta, ta ɗaga bugunta daga wajen 250,000 zuwa 600,000. London Lite ba ta da sauran amfani ke nan, a Nuwamba aka binne ta. Ita ma Standard ɗin ɗan hakin da aka raina ne ya tsone mata ido, watau wayar hannu. Intanet ta shiga tashoshi, annobar korona ta 2020 ta koya wa mutane aiki daga gida, a Satumba 2024 ta bar fitowa kullum ta koma mako-mako. Metro ce ta tsira.

Duk sa'ad da na tuna wannan, sai sunan jaridarmu ta Zariya ya faɗo mini, wadda aka fara a 1939, watau Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda ya raɗa sunan nan ya san abin da ya ke yi. Kwabon da mai karatu ya miƙa shi ne igiyar da ya ke riƙe edita da ita, in an yi masa ƙarya gobe ya hana. Wanda ya karɓa kyauta ba shi da wannan igiya, tana hannun mai talla, kowa ya ci ladan kuturu kuwa shi zai yi masa aski. Ban ce jaridar kyauta ba ta da rana ba, domin na ga mutanen da ba su taɓa sayen jarida ba sun saba da karatu ta dalilinta. Amma yau da labari ke zuwa mana a waya ba ko sisi, ya kamata kowannenmu ya riƙa tambayar kansa wa ya biya, me kuma ya ke nema a wurinmu. Allah ya sa mu gane, amin.