Taliya Uku, Kowacce da Wutarta

Ke kishiyata, tunda an kusa kai ki ɗakinki, matso ki ji abin da ba za a sa miki cikin kayan gara ba. Taliya ba iri ɗaya ba ce, kuma mai yi musu dahuwa ɗaya kullum tana cikin caɓewar tukunya.

Ta murji ita ce tamu. A nan Garo, kafin ta leda ta cika shaguna, fulawa muke kwaɓawa da gishiri da ɗan ruwa, kwaɓin ya yi tauri, a murza a inji, a shanya a igiya, a ajiye yaro yana korar kaji. Laushi gare ta, ba ta jure wuta. Sai ruwa ya tafasa sosai za ki zuba, kuma ba lokacin leƙa maƙwabta ba ne. Ki tsame, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki bar ta ta tsane. Kada ki ce za ki soya ta, juyi biyu ta farfashe. Manja, yaji da wake sun ishe ta.

Sufageti kuwa asalinta Italiya, inda ake yin ta da alkama mai tauri, shi ya sa take cin minti goma a wuta. In soyawa za ki yi, sauke ta da sauran taurinta, ta ƙarasa cikin mai da attaruhu da albasa.

Sai Indomie, wadda ku yaran yanzu kuka ɗauka a ka. Daga Indonesiya ta zo, kuma tun shekarun 1990 ake yin ta a Ota, jihar Ogun. A masana'anta an riga an turara ta, an soya ta a mai, to me za ki ƙara dafawa? Dubi mai shayin bakin titin Gwarzo: ruwa kaɗan a kasko, minti uku, ruwan na tsotsewa ya zuba mai da ƙwai. Ai mutanen Sin ma in za su soya taliyarsu ta shinkafa, jiƙa ta suke yi, kasko mai zafi ya ƙarasa aikin.

Garin nan na cikin ledar Indomie gishiri ne fal, babu dalilin ƙara masa dunƙule. Ranar da surukarki ta zo, rabinsa za ki sa, kin san hawan jini ya sa ta gaba.