Masauki Mai Araha a Abijan: Abin da Nake Dubawa Kafin Na Biya

Duk macen da za ta je Abijan, cibiyar kasuwancin ƙasar Kodebuwa, tambayarta ta farko ita ce nawa ake kwana. Tana da gaskiya, musamman yanzu da naira ba ta da ƙarfi a gaban sefa. Sai dai kuɗin da aka rubuta a allon otal ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Sau biyu na je birnin: na farko bitar mako guda ta ma'aikatan jinya, na biyu kuma rakiyar yayata da ke saro atamfa, da goyona a baya. A wurina, ɗaki mai araha shi ne wanda za ki fito daga cikinsa ke da ɗanki lafiya, kuma bai ci miki kuɗi ta bayan gida ba.

Kafin ki nemi otal, fara sanin fasalin garin. Abijan na da mutane sama da miliyan 5, kuma wani babban ruwa da ake kira Ébrié ya raba ta. Zan bar sunayen unguwanni yadda za ki gan su a allunan hanya. A arewacin ruwan akwai Plateau, unguwar ofisoshi da bankuna, da Cocody ta masu hali, da Adjamé mai babbar kasuwa da tashoshin mota, sai Yopougon da Abobo masu yawan jama'a. A kudu akwai Treichville da Marcory da Koumassi, sai Port-Bouët inda filin jirgin sama yake. Gadoji ne suka haɗa ɓangarorin, kuma safe da yamma cunkoso a kansu ba a magana. Saboda haka ki fara da tambayar kanki: a wane ɓangaren ruwa aikina yake?

Ga misali. A ce kin sami ɗaki na sefa 12,000 a can nesa, wani kuma na 18,000 kusa da kasuwar da za ki riƙa zuwa. Na farko ya fi sauƙi a ido. Amma idan kullum za ki kashe sefa 6,000 ko fiye a tasi zuwa da dawowa, ga sa'o'i a cikin mota da yaro yana kuka da zafi, ina arahar take? Akwai motocin haya masu sauƙi, wato ƙananan bas-bas da suke kira gbaka, da tasin haɗaka woro-woro, har da jiragen ruwa na fasinja. Amma baƙuwa mai goyo da kaya, wadda ba ta jin Faransanci, da wuya ta jure musu kullum. A ƙarshe tasi za ta koma, ko motar da ake kira ta manhajar Yango. Ki haɗa kuɗin ɗaki da na mota da na abinci wuri guda, sannan ki kwatanta.

Abu na biyu shi ne harshe. Ba sai kin iya Faransanci ba, kalmomi kaɗan sun ishe ki, ki ajiye su a wayarki. "Nuitée" kuɗin kwana ɗaya ne. "Chambre ventilée" ɗaki ne mai fanka, "chambre climatisée" mai na'urar sanyi, kuma ya fi tsada. "Petit déjeuner compris" na nufin karin kumallo na cikin kuɗin. "Moustiquaire" gidan sauro ne, "eau chaude" ruwan zafi, "reçu" kuma rasit.

Akwai wata kalma da nake so kowace uwa ta riƙe. Wata rana muna neman ɗaki da Yaya, ta hango wani ƙaramin otal da farashi mai sauƙi ƙwarai a jikin bango. Ta ja hannuna ta ce, "Ke zo ki gani, Allah ya kashe ya ba mu." Na duba, sai na ga an rubuta "passage" kusa da kuɗin. Na ce, "Yaya, wannan ba kuɗin kwana ba ne, na awa ɗaya ko biyu ne." Ta yi shiru, can ta gane, ta ce, "A'uzubillahi, mu bar nan." Irin waɗannan wuraren mutane ne ke shiga da fita dare da rana, ba a san wanda ya shigo ba, kuma ba lalle a canza zanin gado tsakanin baƙo da baƙo ba. Ko an rage miki kuɗin kwana, ba wurin ajiye yara ba ne.

Idan unguwa da farashi sun yi miki, ki ce a nuna miki ɗakin kafin ki biya. Ba rashin kunya ba ne, kuma otal na kirki ba ya ƙi. Ni dai ina duba ɗakin otal ne kamar yadda nake duba gado kafin a kwantar da majinyaci, kuma minti biyar sun isa.

Gado nake fara nufa. Ina yaye zanin, in ɗaga gefen katifa, in haska ɗinkinta da fitilar waya. Ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko tabon jini alamar kuɗin cizo ce. Cizonsa na hana yaro barci, kuma yana iya bin jakarki har gida, ki yi watanni kina fama da shi. Daga nan sai banɗaki. Ina buɗe famfo in ga ko ruwa na zuwa da ƙarfi da kuma kalarsa, in ja ruwan masai, in duba ko akwai bokiti. Warin danshi da baƙin tabo a bango ba su dace da yaro mai asma ba.

Sai taga. Abijan gari ne mai zafi da laima, ga ruwa ta ko'ina, don haka sauro na nan duk shekara. Idan ɗaki mai fanka za ki kama, dole ki bar taga a buɗe, to ki tabbata ragarta ba ta yage ba. Ni nakan tafi da gidan saurona mai magani da 'yar igiya, ba shi da nauyi a jaka. Ɗaki mai fanka da gidan sauro ya fi mini ɗaki mai sanyi da sauro ke yawo a ciki. Zazzaɓin cizon sauro na saurin kayar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kuma jinya a ƙasar da ba kya jin yarenta ta fi kowane ɗaki tsada.

Ina gwada makullin ƙofa, in ga ko akwai sakata ta ciki. Idan bene ne, ina duba ƙarafan baranda ko kan yaro zai iya shiga tsakaninsu, in kuma tambayi ko akwai wata matakalar fita idan gobara ta tashi. Idan tafiyarki ta faɗo tsakanin Mayu da Yuli, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi kuma wasu unguwanni ke ambaliya, ki guji ɗakin ƙasa a wuri mai kwari. Ki tambaya ko suna da janareto. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, don haka ki riƙe abin da zai haɗa cajarki da shi.

Kada ki tsaya a cikin ɗaki kawai, ki fito ki dubi layin. A Abijan akwai wuraren cin abinci da shaye-shaye na fili da ake kira maquis. Da rana za ki ga kujeru kawai a jere, da dare kuwa kiɗa ne har kusan asuba. Idan akwai irinsa a jikin otal, ki nemi ɗaki ta baya ko ki ƙara gaba. Ki kuma nemi kantin magani mafi kusa, za ki gane shi da alamar kuros kore. Ki tambayi mai karɓar baƙi ina "pharmacie de garde" take, wato kantin da ke kan aikin dare a wannan makon, domin karɓa-karɓa suke yi. Ranar da kika sauka za ki yi wannan tambayar, kada ki bari sai jikin yaro ya yi zafi da ƙarfe biyun dare. A jakata kullum akwai ma'aunin zafin jiki, da farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Ruwan sha kuwa na gora mai hatimi nake ba yaro.

Idan za ku wuce kwana uku ko huɗu, ko kuna da yawa, ki tambayi "résidence meublée". Gida ne ko ɗaki da aka zuba wa kaya, da kicin da firji, ana haya da kwana ko da mako, kuma suna da yawa a birnin. Irinsa muka kama da Yaya. Kuɗin kwanansa ya ɗan ɗara na ƙaramin otal, amma mun raba biyu, muna dafa abincinmu, ina dama wa yaro kunu a kan lokaci, ina tafasa ruwa ina wanke kwanukansa yadda nake so. Ki dai tambaya tun farko ko kuɗin wuta na ciki, da nawa ne "caution", wato kuɗin ajiya da za a mayar miki ranar tafiya, kuma a rubuta shi a rasit.

A kan biya, shawarata ki biya kwana ɗaya tukuna. Idan dare ya yi kyau, sai ki nemi ragi a kan sauran kwanakin, ana yi. Kada ki tura kuɗi ta Wave ko Orange Money ga lambar da kika gani a Facebook saboda hoton ɗaki ya burge ki. Idan ta intanet za ki kama, karanta sharhin baƙin da suka kwana kwanan nan, musamman masu ƙorafi, ki duba wurin a taswira. Sefar Kodebuwa ita ce ta Nijar da Benin da Togo da Senegal, amma ta Kamaru da Chadi daban ce ko da darajarsu ɗaya, don haka ki canza kafin ki zo. Mai fasfon ECOWAS ba ta buƙatar biza har kwana 90, amma ana neman katin rigakafin shawara. A otal za su duba fasfonki su cike takarda, ki karɓi abinki kada ki bar shi a hannunsu.

Matambayi ba ya ɓata, kuma a Abijan ba za ki rasa mai jin Hausa ba. Akwai su a kasuwannin Adjamé da Treichville da kewayen masallatai. Har wani sanannen abincin garin, garin rogon da suke kira attiéké da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma 'yan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi. Irin waɗannan mutanen sun san layin da ke da natsuwa da wanda ba a bi da dare, kuma sun san inda matan 'yan kasuwa ke sauka. Ki tambayi mutum biyu ko uku, kada ki bi wanda ya tare ki a tasha ya ce zai kai ki, domin ladansa a cikin kuɗin ɗakinki zai fito.

Idan kuɗi ya yi kaɗan, akwai abubuwan da za ki iya haƙura da su: talabijin, na'urar sanyi, karin kumallon otal, faɗin ɗaki, har ruwan zafi idan kina da 'yar butar lantarki. Abubuwa huɗu ne ba na sassautawa a kansu ko nawa za a rage mini: ƙofa mai kulluwa ta ciki, ruwa mai zuwa, gado mai tsafta, da kariya daga sauro. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.