Mi mai rubuta labari yake yi muna?

Ni mutumin Bambai ne, kusa da Tawa. Ban shiga lakkwal ba ina yaro. Sai da na yi aure kana na shiga makarantar yaƙi da jahilci.

Wata rana na tambayi malaminmu, na ce: "Malam, maƙeri na yi muna kalme, magini na yi muna rumbu. To, mai rubuta labari, mi yake yi muna?"

Malam ya ce: "Ka san Sarauniya?" Na ce na san ta. Ita ce ta Lugu, cikin ƙasar Arewa, wadda ta yi yaƙi da sojan Faransa a 1899. Sai ya ce mini: "Wani ɗan Nijar, Abdullahi Mamani, ya sa labarinta cikin littahi a 1980, da Faransanci. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi silima. Mamani ya rasu a 1993, amma littahin yana nan. Har mutanen nesa sun san Sarauniya."

Ban gane maganar nan sosai ba sai da babana ya rasu. Shi ne ya riƙe gidanmu a yunwar 1984. Ya san yadda anka jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya hita a ci. Ya san wanda ya buɗe rumbunsa ya raba, ya san wanda ya ɓoye hatsi. Ya san sunan samarin da sunka tahi Abijan bida, ba su komo ba. Kullum ina cewa gobe na rubuta. Yau in ɗiyana sun tambaye ni, rabi kawai nake tunawa.

To, ga abin da na gane. Marubuci magini ne shi ma, rumbun magana yake ginawa. Yana aje gaskiya, mai daɗi da mai ɗaci, don na baya su iske iri. In ya aje yabo kaɗai, ƙaiƙayi ya tara.

Na sayi kaye da bik. Da marece nikan zamna wurin innata, tana hwaɗi ina rubutawa da Hausa.

Kai ma da ka iya baƙi yanzu, akwai tsoho a gidanku. Je ka same shi tun yana da rai.