Daga Gadar Wudil Zuwa Filin Jirgi: Takardun Tafiyar Kyanwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san gadar Wudil, wajen kilomita 40 daga birni. Mun isa ranar Juma'a, ranar kasuwa, muka tarar da manyan motoci a Kara ana loda musu shanun da za su yi Kudu. Likitan dabbobi ne ke duba shanun ya ba da takardar tafiya, don kada a kai cuta wata jiha. A gefen gadar kuwa masu kifi ne, ga kyanwoyi suna zagaya su, kowace tana jiran a yi sakaci.

Nan muka shiga gardama: sa yana buƙatar takarda kafin ya hau tirela, to, kyanwar da maigidanta zai hau jirgi da ita daga filin Malam Aminu Kano fa?

Tata ta fi ta sa wuya. Babban abin da ake tsoro shi ne ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma kan ɗauka ta sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Idan alamunsa suka bayyana, da wuya a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa a cikinsu.

Ɗauki ƙasashen Tarayyar Turai, masu tsauri. Da farko za a sa wa kyanwar wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarta. Sannan allurar rigakafi, wadda ba a yi sai ta kai mako 12 da haihuwa. Bayan kwana 30 a ɗebi jininta a tabbatar allurar ta kama, a kuma jira wata uku. Ku lissafa da kanku, wata huɗu ke nan kafin a yi zancen tikiti. Wanda ya yi allura kafin sa na'urar, sai ya sake daga farko. Ga takardar lafiya daga likitan gwamnati, ga izinin fitar da dabba, ga jami'an NAQS a filin jirgi, ga kamfanin jirgin da nasa sharaɗin keji.

Kyanwoyin bakin gada ba inda za su, amma allurar ta fi musu amfani, don su ne ke cuɗanya da karnukan gari da ƙannenmu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa rigakafin haukan kare, kuma ana yin allurar a asibitin dabbobi. In kyanwa ta ciji ɗayanku ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.