Na'ura tana nunawa, amma ido ne ke gani

Mai karatu, idan ka taɓa tsayawa a kantin magani a Jimeta cikin watan azumi, ka san kalmar da ta fi yawo a bakin mutane: olsa. Mai ƙwannafi olsa, mai kumburin ciki olsa, wanda ya sha shayi da yaji ciki babu komai shi ma olsa. Mu kuma da ke bayan kanta mun saba, hannu na kaiwa ga omeprazole kafin mutum ya gama bayani. Yau laifina zan fara faɗa maka, domin a kan goggona ya faɗa.

Goggo ta haura shekara 60, tana zaune a cikin garin Yola. Ta daɗe tana kukan zafi a saman cibiya, ni kuma duk ƙarshen wata sai in aika mata da magani a Keke Napep. Da abin ya ƙi ƙarewa, likita ya tura ta gwajin bayan gida don neman ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa gyambon ciki. Sakamako ya ce babu. Aka yi mata endoskopi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta baki har cikin tumbi, takarda ta fito da layi biyu: ɗan kumburi, ba wani abu. Ba a ɗebi ko tsokar gwaji ba. Muka yi hamdala muka koma gida.

Abin da na sani tun ina jami'a, amma ban tuna ba sai daga baya, shi ne omeprazole da danginsa suna rage yawan wannan ƙwayar cuta har gwaji ya kasa ganinta. Ƙa'ida ita ce a dakatar da su mako 2 kafin gwajin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Goggo ta haɗiyi nata da asubar ranar da ta kai samfur. Ni ce na ba ta, kuma ban ce mata komai ba.

Bayan wata huɗu zanenta ya fara yi mata yawa. Abinci kaɗan ke cika mata ciki. Muka sake komawa, wannan karon wani asibiti daban, bayan likita ya amince ta ajiye maganin na mako biyu. Da na gabatar da kaina aka bar ni na tsaya a gefe, kuma a nan ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Likitoci biyu ne a ɗakin, babba da wata matashiya mai koyon aikin. Bututun yana hannun matashiyar. A allo ni dai jan nama nake gani mai sheƙi, ko'ina iri ɗaya, kamar cikin kumatu. Babban bai karɓi bututun ba. Cewa ya yi, “Tsaya nan. Me kika gani?” Ta ce lafiya lau. Ya ce ta wanke wurin da ruwa, ta ƙara iska don naɗe-naɗen tumbin su buɗe, sannan ta sake dubawa. Sai ga wani ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, ya ɗan lotsa, launinsa ya kauce wa na kewayensa. Ya tambaye ta yadda bakin wurin yake, santsi ne ko tsage-tsage, da yadda naɗin naman ke tunkararsa. Sai da ta amsa da bakinta, ta yi kuskure ya gyara, sannan ya sa ta ɗebi ƙananan tsokoki daga wurin da wasu sassan tumbin.

Na tuna ranar farko da aka zaunar da ni gaban madubin duba ƙananan halittu a makaranta. Kusan minti goma na yi ina kallon gashin idona ina zana shi a littafi da sunan ƙwayar cuta. Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, idona ne bai san abin da zai nema ba.

Ita kanta Helicobacter haka tarihinta yake. Shekara da shekaru masana suna duba tsokar tumbi a ƙarƙashin madubi, an kuma koya musu cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin ruwan tsamin tumbi, don haka ko sun ga wani abu sai su wuce. A 1979 wani likitan duba tsoka a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren, ya tsaya a kan wasu lanƙwasassun halittu da yake gani a kai a kai. Shi da matashin likita Barry Marshall suka raino ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, cikinsa ya kumbura. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar cikin abubuwan da ke jawo sankarar tumbi, a 2005 kuma mutanen biyu suka karɓi kyautar Nobel.

Yanzu fasaha ta kai inda ake haɗa madubin da bututun wuri guda. Akwai na'urar da ke amfani da hasken leza ta girmama bangon ciki kusan sau 1000, likita ya ga ƙwayoyin halitta da ƙananan jijiyoyin jini mara lafiya na kwance, bayan an yi masa allurar wani rini mai suna fluorescein wanda ke mayar da fitsari rawaya shar na ɗan lokaci. Tana da tsada, ko a ƙasashen da ke ƙera ta ba kowane asibiti ke da ita ba. Abin da ya ja hankalina shi ne hotonta fari da baƙi ne, ɗigo-ɗigo da zagaye-zagaye, wanda bai koya ba ba zai bambanta lafiyayyen wuri da mai cuta ba. Yadda ake koyar da sababbi kuwa bai wuce abin da na gani a ɗakin nan ba: a nuna maka hoto, ka faɗi abin da kake zato, a gaya maka abin da gwajin tsoka ya tabbatar, a sake nuna maka wani, har idonka ya faɗa. Ko da gobe wani attajiri zai sayo mana irinta ya ajiye a Jimeta, sai an yi wannan zaman.

Shi ya sa nake roƙonka abu guda. Yanzu Yola tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda muka sani da FMC, kuma asibitin koyarwa ba ya rabuwa da masu koyo. Na sha jin mutane na cewa, “Ni ba za a koyi aiki a kaina ba.” Haƙƙinka ne ka tambaya ko akwai babban likita a tsaye, kuma ka dage a kan haka. Amma idan yana nan, ka bar yaran nan su gani. Idanu biyu ne a kanka maimakon ɗaya, kuma wannan matashiyar ce za ta duba 'ya'yanka nan da shekara goma, a Mubi ko Numan ko Ganye.

Sai batun ɗibar tsoka, wanda Goggo ta so ta ƙi. Ta ce mini, “Ke 'yar nan, an ce idan ƙarfe ya taɓa ciwo yaɗuwa yake.” Abin da ake ɗiba bai fi ƙwayar gero girma sosai ba, yawanci ba a ma jin zafinsa, kuma ba ya yaɗa cuta. Gyambon tumbi na iya kama da na yau da kullum a ido alhali sankara ce a ƙarƙashi, omeprazole kuma na iya rufe samansa ya kwantar da zafin. Tsokar ce ke raba gardama. In za a yi maka, ka kwana da sanin za ka bar abinci na aƙalla awa 6, kuma ka gaya wa likita idan kana shan magungunan tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel. Kada ka dakatar da su da kanka.

Ni kuma na canza hali a bayan kanta. Wanda ya zo neman maganin olsa yana rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a maƙogwaro, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciwon ya fara masa bayan ya manyanta, ba na miƙa masa kwali. Asibiti nake tura shi, wasu su yi fushi su tsallaka kemis na gaba. Ina kuma tambayar maganin ciwon jiki, domin a jakar Goggo na tsinci diclofenac da take saye saboda gwiwa, shi da ibuprofen da piroxicam kuwa suna cin bangon tumbi.

Sakamakon tsokar ya ɗauki kusan mako uku, kwanakin da ban yi barcin kirki ba. Ba sankara ba ce. Gyambo ne, ga Helicobacter jingim, ga kuma wasu sauye-sauye a ƙwayoyin halittar wurin da likita ya ce sai an riƙa bibiya. Ta sha magani na kwana 14, tana ƙorafin ɗacin baki kullum, aka sake leƙawa bayan wata biyu aka ga wurin ya warke. Ranar gwajin tabbatar da mutuwar ƙwayar, ni da kaina na je Yola mako biyu kafin lokacin na kwashe sauran omeprazole daga ƙarƙashin matashinta.