Ranar da Malami Ke Sauka

Mu mutanen Kura da Bunkure, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya iso gonakinmu, mun saba koya wa yara noman rani. In yaro ya saki ruwa ya wuce kima, ubansa ya yi faɗa, gobe a gyara. To, akwai wani malami da ba shi da wannan sauƙi, watau mai koyar da tuƙin jirgin sama.

Babbar makarantar wannan aiki tana Zariya, an kafa ta a 1964. Jirgin koyo ƙarami ne, da kujeru biyu a gaba, kowace da matuƙinta. Almajiri na hagu, malami na dama. A ganina wuyar aikin malamin ita ce haƙuri. Yana ganin yaro ya fara kuskure, amma ba zai yi wuf ya karɓe ba, don in ya riƙa karɓewa yaro ba zai iya ba har abada. In kuwa ya yi jinkiri, su duka biyu ne a ciki. Wani lokaci ma da gangan zai rage wutar inji suna sama, ya ce, "To, inji ya mutu. Ina za ka sauka?"

Akwai kuma darasin hazo, wanda mu nan muka fi kowa sanin amfaninsa. Akan tare wa almajiri ganin waje, don ya saba dogara ga agogunan da ke gabansa, gama a cikin hazo jiki yakan yi wa mutum ƙarya, ya ji jirgi na tafiya sosai alhali ya karkata. Malamin kirki yakan koya masa har da cewa fasa sauka ba abin kunya ba ne. Dattawanmu ba su manta da 22 ga Janairu, 1973 ba, ranar da jirgin alhazai ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu.

Sa'an nan ranar ta zo. Bayan sun tashi sun sauka sau da dama, malami ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce wa yaro ya tashi shi kaɗai. Ba wanda ya tilasta masa zaɓen wannan rana, shi ya auna, shi kuma ya sa hannu a takarda. Sai ya koma gefen fili ya tsaya, ya ɗaga kai, yana bin jirgin da ido har ƙafafunsa su taɓa ƙasa.