Iskar Farkon Damina

A ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, inda ɗakin wani ke jingine da katangar wani, gona kuma ta faro tun daga bakin darni, ba ruwan farkon damina ake tsoro ba. Iskar da ke share masa hanya ita ce abin tsoro. Wajen la'asar sakaliya gabas za ta yi ja wur, tsuntsaye su yi tsit, hanci ya cika da ƙura da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Inna takan fara sheƙa wa murhu ruwa, don garwashi ɗaya in ya faɗa jinka, unguwa duka sai toka. Mu kuma mu kwashe shanya, mu kora kaji akurki, mu ja tufaniya mu tokare da turmi. Ni fa murna nake yi. Wai yaron nan ni ne!

Ɗakin kwanon da Baba ya yi da kuɗin gyaɗa, tun kafin farin 1973, shi ne abin tinƙahona a dandali, har nakan raina soron Kaka mai azarar giginya da warin makuba. Amma iska ta san inda take kamawa. Takan kutsa ta ƙarƙashin bakin kwano ko ta ƙofar da aka bari a buɗe, ta tura rufin daga ciki, ƙusoshi su riƙa zamewa daga katakon da gara ta rarake, kana jin kukansu ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara falle guda ya tashi kamar aska, ya ratsa darni, ya fille kan rumbun maƙwabcinmu, dawa ta kwana a ruwa. Soron Kaka kuwa indararo kawai ya rasa.

Da safe aka bi gida-gida ana barka da arziki, ana cigiyar faifai da akushi da asabari, rassan darbejiya sun tare lungu. Aka yi gayya aka ɗora wa rumbu sabuwar jinka, aka danne kwanonmu da duwatsu. Baba ya durƙusa zai ba maƙwabcin namu haƙuri, dattijon ya katse shi, ya jawo fallen a lanƙwashe ya miƙa masa.

"Ga kayanka, Malam. Bana a ƙara ƙusa."